Baba Mai Bango da Zane Uku

Duk wanda ya yi karatu a jami'armu har ya kammala, to littafinsa ya bi ta hannun mahaifina. Ba cika baki nake yi ba. Shagonsa yana layin da ke fuskantar ƙaramar ƙofar jami'a, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai gyaran takalma. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ɗalibai suna kawo masa takardun aikinsu na kammalawa a warwatse, ya jera, ya ɗinke, ya shafa gam, ya sa bango, ya matse, ya miƙa musu littafi. A layin nan ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya. Baba Mai Bango ake ce masa, har mu 'ya'yansa in tsokana ta motsa.

Mu biyu ya haifa, Yaya da ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina 'yar shekara shida, don haka a shagon nan na girma, a ƙarƙashin teburin yanka takarda. Har yau in na ji warin gam sai in ji kamar an ce min sannu da zuwa. Baba bai yi nisa a makaranta ba, amma babu littafin da zai bar shagonsa bai karanta shafin godiyarsa ba. Sauran shafukan bai dame su ba. Yakan ce a shafin godiya ake gane ɗan kirki. In ya ga ɗalibi ya gode wa malamai goma ya manta da uwarsa, zai gama masa aikin tsaf, amma a wajen miƙawa sai ya ce, "Ka gaida mutan gida, musamman wadda ka manta."

A kusurwar shagon akwai matsi. Tsohon ƙarfe ne baƙi mai nauyin tsiya, ya gaje shi daga maigidan da ya koya masa sana'a. Faranti biyu ne na ƙarfe, a sa littafi a tsakani, a juya wani babban sitiyari da ke can sama, farantin sama ya sauko ya danne littafin har gam ya kama. Sai mutum ya ɗaga hannu biyu sama da kafaɗa kafin ya juya shi. Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana yi: ya juya, ya juya, ya tsaya, ya ɗan ƙara, sannan ya dawo da shi baya kaɗan. Na gani sau dubu nawa ne, amma ban taɓa tambayar dalili ba.

A shekarata ta ƙarshe a sashen injiniyanci kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi matsala. Bai faɗa wa kowa ba, don Baba in ciwo ne sai ka kama shi dumu-dumu. Abin da na lura da shi shi ne ya ƙirƙiro sabuwar dabara. Ɗalibi zai zo karɓar aiki, sai Baba ya ce, "Kai samari, zo mu ga ƙarfinka, juya min wannan." Yaro yana juyawa yana jin kansa, shi kuwa Baba ya ɗora tafin hannu a gefen sitiyarin yana cewa ƙara, ƙara, tsaya. Ranar da na iske shi yana ƙoƙarin tura sitiyarin da gwiwar hannu, gumi yana ɗiga a kan takardun mutane, ranar na kira Yaya.

Yaya ma'aikacin asibiti ne, a ɗakin haɗa magunguna, kuma mutum ne mai yanke magana. Ya kai Baba wajen likita, likita ya ce gaɓar ta cinye, in ya ci gaba da ɗaga hannu yana murɗa ƙarfe, nan gaba ko riga sai an sa masa. Da muka dawo, Yaya ya tsaya a bakin shago ya ce, "Baba, in wannan zangon karatu ya ƙare, an rufe shagon nan. Na gyara maka ɗaki a gidana, ga jikokinka, ga inuwa. Ka huta haka nan."

Baba ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ta fi min kuka ciwo. Na san Yaya don ƙauna yake yi, kuma na san yana da gaskiya. Amma na san ubana. In aka zaunar da shi a inuwa babu takarda a gabansa, wata shida ba zai yi ba ya zama wani mutum.

A daidai lokacin aka raba mu rukuni-rukuni don aikin kammalawa, kowane rukuni ya nemo wata matsala ya ƙera mata magani. Mu uku muka faɗo tare. Akwai Alƙali, wanda ya samo sunan saboda ko zaɓen wurin zama za a yi sai ya kawo hujja uku ya yanke hukunci. Akwai Sululu, wani dogon yaro da ba a jin shigowarsa ba a jin fitarsa, sai dai ka waiga ka gan shi. Sai ni, wadda ba sai na ɓoye ba, bakina ya fi na su biyun in an haɗa. Na kawo maganar matsin Baba, suka amince nan take. Malamar da ke duba aikinmu, wadda muke kira Me-ya-sa a bayan idonta don wannan ce tambayar da ta fi yi, ta ce kowa ya je ya kawo zanensa cikin mako biyu, sannan mu zaɓi ɗaya.

Nawa zanen, ni dai a ganina, ya kai a sa shi a gilashi. Na cire sitiyarin gaba ɗaya. Na sa ƙaramin injin lantarki a sama, da wani ɗan agogo da za ka saita nauyin da kake so, da maɓalli kore. Ka danna, faranti ya sauko, ya kai lambar da ka sa, ya tsaya da kansa. Baba ko yatsa biyu ba zai motsa ba.

Alƙali ya kawo na jak ɗin mota. A sa jak a ƙasa, a taka feda da ƙafa, farantin ƙasa ya yi sama. Ƙarfinsa zai iya lanƙwasa ƙofa, balle littafi.

Sululu ya zaro wata takarda a ninke daga aljihu. Shi ya bar tsohon matsin yadda yake. Ya dai sauko da sitiyarin daga sama ya dawo da shi gefe, daidai ƙugu, ya haɗa shi da sandar matsin da kacar keke da faifai biyu masu haƙora, ƙarami da babba. Wai juyawar za ta yi sauƙi ainun, sai dai inda ake juyi ɗaya a da, yanzu sai an yi huɗu.

Na dube shi na ce, "Wato shekara biyar muna karatu don mu ƙera keke."

Ya ce, "Eh, kusan haka." Ya mayar da takardarsa aljihu.

An koya mana yadda ake zaɓe tsakanin zane da zane, kuma Alƙali ya haddace shi kamar sunansa. Ya ja jadawali a allo. A gefe ya jera abubuwan dubawa: sauri, ƙarancin wahala ga mai aiki, ƙarfin matsi, daidaito daga littafi zuwa littafi, sauƙin ƙerawa, sabuntar dabara. Muka ba kowanne nauyinsa, muka ba kowane zane maki daga ɗaya zuwa biyar. Mun yi musu kamar za mu cinye juna, ni da Alƙali, a kan ko jak ya cancanci huɗu ko uku a wajen daidaito. Aka tara. Nawa ya zo na ɗaya da tazara, na Alƙali na biyu, na Sululu yana can ƙasa shi kaɗai. Na ji daɗi har kunnena, kuma ban ɓoye ba.

Muka kai wa Malama. Ta duba jadawalin ta saman tabarau ta ce, "Wa ya ba da makin nan?"

Alƙali ya ce, "Mu ne, Malama."

"A cikinku wa ke ɗaure littafi?"

Babu ko ɗaya a cikinmu. Ta turo mana takardar ta ce mu je mu tambayi mai abin.

A nan muka yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Muka kwashi zanen uku muka kai wa Baba, kowanne da sunan mai shi ɓaro-ɓaro a ƙasa. Ya share tebur da gefen hannu, ya shimfiɗa su, ya daɗe yana kallo. Na san ba layukan yake karantawa ba, don sai da ya murza gefen takardata da yatsa ya ce wannan takarda mai kyau ce, a ina na samo. Sannan ya ce, "Duk sun yi kyau, Allah ya yi muku albarka."

Alƙali ya ce, "Baba, ɗaya za ka zaɓa."

Ya sake dubawa, idonsa ya sauka a kan sunana. Ya ɗora yatsa ya ce, "Na Auta."

Muka koma muka rubuta a rahoto cewa mun tuntuɓi mai amfani da na'urar kuma ya tabbatar da sakamakon jadawali. Wace irin tuntuɓa ce wannan, a kawo wa uba aikin 'yarsa a ce ya zaɓa? Amma a lokacin ban ga komai ba. Sululu ya buɗe baki kamar zai yi magana, na harare shi, ya rufe.

Mako biyar muka yi muna haɗa na gwaji a ɗakin ƙere-ƙere na sashenmu, da aron inji da wani tsohon firam na ƙarfe da muka ɗora shi a kai. Ranar gwaji na je na ɗauko Baba. Sai a hanya ya gaya min cewa duk shekarun nan bai taɓa wuce ƙaramar ƙofa ba. Ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, ya shafa turare, yana gaida duk wanda muka haɗu da shi, har masu shara. Ya zo da littafi biyu da ya ɗinke ya shafa wa gam da safen ranar: ɗaya sabon aikin wani ɗalibi, ɗaya kuma tsohon littafin lissafi na wata malamar firamare mai ritaya, wanda ta kawo a sake masa bango, takardunsa duk sun yi ja.

Na tambaye shi, "Baba, lamba nawa zan sa?"

Ya dubi agogon ya dube ni. "Sa wadda kika ga ta dace."

Na sa wadda lissafina ya ba ni. Ya danna maɓallin da ɗan yatsa, a hankali, kamar yana tsoron kada ya ji masa ciwo. Faranti ya sauko sumul, ya tsaya daidai inda aka ce. Alƙali ya yi tafi. Baba ya tsaya a gaban injin, ya sa hannuwansa a baya, ya dawo da su gaba, ya sa a aljihu, ya fitar. Na ga wannan da idona, amma murna ba ta bar ni na tsaya a kansa ba. Aka yi na biyun ma haka. Ya buɗe littattafan, ya bi bayansu da babban yatsa, ya ce ma sha Allah, ya sa su a jaka. Muka raka shi har ƙofa.

Washegari da la'asar na biya ta shago. Tun daga bakin ƙofa na ga littafin malamar nan a kan tebur, an ɓare masa bango. Matsin ya yi masa yawa. Gam ya tsattsafo ya shiga tsakanin shafuka, wajen goma sun manne da juna, kuma Baba ya zauna da siririyar wuƙa yana raba su ɗaya bayan ɗaya. Sabon littafin ɗalibin kuma yana cikin tsohon matsi, don shi nauyin bai ishe shi ba, bangonsa ya tashi. Baba ya juya sitiyarin da kansa, na gani a yadda ya rataye hannun dama kamar ba nasa ba.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na zaɓen wanda zan sauke wa. Na ce, "Haba Baba. Jiya ka ce ma sha Allah a gaban kowa. Me ya hana ka faɗa? Sai ka zo nan kana kashe kafaɗarka a ɓoye?"

Bai ɗago ba. "A gaban abokanki zan ce aikinki bai yi ba?"

"Ai gyarawa za a yi. Lamba ce kawai. Ka gaya min ta tsohon littafi nawa, ta sabo nawa, in rubuta maka a jiki."

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Zauna, Auta." Na zauna a kan ɗaurin kwali.

"Injinki bai yi laifi ba. Abin da aka ce masa ya yi. Ni ne ban san abin da zan ce masa ba. Kin tambaye ni lamba, wallahi ban san lamba ba. Littafi biyu in sun fito daga inji ɗaya rana ɗaya, ba nauyi ɗaya suke so ba. Wani gam ɗinsa ya yi ruwa, wani ya fara shan iska, wani da hotuna a ciki. Ina juyawa ne har in ji ya fara yi min gardama a hannu. Daga nan in ɗan ƙara, in sassauta masa kaɗan ya sha iska. Hannun ne ya sani, ni bin sa nake yi."

Na ce, "To me ya sa ka zaɓi nawa?"

Ya yi 'yar dariya. "Na wa kike so in zaɓa?" Ya ɗauki wuƙarsa, sannan ya ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Amma in danna maɓalli ne aikin, ai Yayanki ya yi gaskiya. Kowa ma zai iya. Sai in tafi in zauna."

 Na zo in ceto masa sana'a, na zana abin da zai cire shi daga cikinta, kuma har maki biyar na ba kaina a kan haka. Na ɗauki wuƙa ta biyu na taya shi raba shafukan. Sai da muka gama na tafi.

Faɗa wa Alƙali da Sululu ya fi min komai wuya, don ni ba gwanar janye magana ba ce. Na same su a ɗakin ƙere-ƙere suna goge injin. Na ce, "Nawa bai yi ba." Na ba su labari.

Alƙali ya dafe kai. Ya ce saura mako shida, ga babi uku an rubuta, ga jadawali Malama ta sa hannu, ba a canza hukunci bayan an yanke. Ya ce in ma canzawa za a yi, ai na biyu ake ɗauka, kuma na biyu jak ne. Na ce jak da ƙafa ake taka shi, Baba da tafin ƙafa zai ji littafi? Muka fara ɗaga murya. Sai Sululu ya ce daga bayanmu, "Yakan rufe ido."

Muka juya.

"In Baba ya zo juyin ƙarshe yakan rufe ido. Shi ya sa ban cire sitiyarin ba."

Ashe kafin ya yi zanensa, kwana uku ya yi yana zuwa shagon. Ya yage bangon wani littafinsa da gangan ya kai gyara, ya samu wuri ya zauna yana kallo. Baba bai ma san abokin karatuna ne ba sai ranar da muka kai zane. Ni da na girma a ƙarƙashin teburin nan ban ga abin da baƙo ya gani a kwana uku ba. Na ce masa, "Kuma ka yi shiru?"

Ya ce, "Kin harare ni."

Muka koma wajen Malama a sanyaye. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta saurara har ƙarshe, kuma karo na farko a tarihi ba ta ce me ya sa ba. Ta ce kada mu goge tsohon jadawalin, kada kuma mu murɗa makin don ya ba mu amsar da muke so yanzu. Mu bar shi a rahoto yadda yake, mu rubuta abin da muka manta ba mu sa a ciki ba, da yadda muka gano. Alƙali ya ja sabon layi a ƙasa da hannunsa, ya rubuta: mai aiki yana jin littafin a hannunsa? Ya ce wannan ba na maki ba ne, sharaɗi ne, zanen da bai cika shi ba ya fita. Ya ja layi a kan nawa, ya ɗan yi jim, ya ja a kan nasa.

Aikin keken nan da na raina sai da ya fitar mana da gumi. Kaca in ta yi sako-sako, sai ka juya sitiyari rabi kafin faranti ya motsa, duk jin ya ɓace a hanya. Ni na zauna na zana abin da zai riƙa ɗame ta, kuma a nan lissafin shekara biyar ya yi rana. Alƙali ya yi ta zirga-zirga tsakanin mai walda da masu tsofaffin kekuna har suka san shi. Sannan ga babbar tambaya, wane girman faifai za a sa. In ya yi girma sosai, juyawa ta yi sauƙi har yaro zai iya da yatsa ɗaya, amma ba ka jin komai. In ya yi ƙanƙanta, ana ji sarai, amma kafaɗa za ta biya.

Wannan karon mun yi hankali. Muka kai faifai uku shago, babu sunan kowa a jiki, muka rufe wajen da kwali don kada ya ga wanne aka ɗaura. Ya gwada na farko ya ce, "Wannan kamar ina juya iska." Ya gwada na biyu, ya wuce zuwa na gaba. Ya gwada na uku, mafi nauyi, fuskarsa ta washe ya ce wannan ne. Na ce, "Baba, na ga kafaɗarka ta ɗaga." Ya ce ba ta ɗaga ba. Sululu ya ce ta ɗaga. Baba ya dube shi ya ce, "Kai dama kana magana?" Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe muka tsaya a na tsakiya. Baba ya ce yana ji, sai dai kamar ana yi masa raɗa, amma zai saba.

Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya zagaya na'urar sau biyu ya ce, "Wannan ai keke ne aka jingina da matsi." Rukunin da ke gefenmu sun ƙera wani abu mai fitilu da ƙara, kowa yana can. Mun ci, amma makinmu tsaka-tsaki ne, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi min ciwo. Na san da injina muka kawo da mun fi haka. Na yi kwana biyu ina cika ina batsewa, Alƙali yana lissafa min hujjojin da suka sa bai kamata in damu ba, har na ce ya rabu da ni.

Zango ya ƙare ranar Alhamis. Ranar Asabar da hantsi Yaya ya iso da motar ɗaukar kaya da ya aro, bayanta cike da kwalaye babu komai a ciki. Na riga shi zuwa, don na san zai zo. Na gaya masa labarin na'urar tun tuni, ya ce shi ba ruwansa da wasan ɗalibai, maganar likita ya sani.

Ya shigo da kwali biyu a hannu. Baba yana tsaye a gefen matsi, ga littattafai wajen ashirin a jere suna jiran layi. Ya amsa gaisuwa bai bar abin da yake yi ba. Ya sa littafi, ya kama sitiyarin a daidai ƙugunsa, gwiwar hannu a manne da jiki, ya shiga juyawa. Kaca tana 'yar ƙara. Yaya bai kalli na'urar ba ko sau ɗaya, kafaɗar yake kallo. Aka yi littafi na farko, na biyu, na uku, yana tsaye da kwalayensa.

Ya ce, "Ɗaga hannun in gani." Baba ya ɗaga iya inda yake iyawa. Yaya ya ajiye kwalayen, ya danna nan, ya danna can, yana kallon fuskarsa. "Tun yaushe kake aiki da wannan?"

"Mako uku."

"Maganin zafin fa?"

"Yana nan a aljihun tebur. Ƙirga ka gani."

Yaya bai ƙirga ba. Ya matsa ya kama sitiyarin da kansa, wai ya ji nauyinsa. Ya juya, ya juya, ya ga ba wuya, ya ci gaba. Baba ya kai masa duka a bayan hannu, irin wanda yake mana muna yara in mun taɓa gam. "Ya isa, za ka kashe wa mutane littafi. Ba ka ji yana ce maka ya isa ba?"

Yaya ya ce, "Ni ban ji komai ba."

"To matsa."

Ya matsa. Ya tsaya yana murza bayan hannunsa, mutum mai 'ya'ya uku, yana kallon ubansa yana sassauta sitiyarin kaɗan.  Da ya yi magana, bango yake kallo.

"Duk wata zan zo in duba kafaɗar nan. Ranar da na ga ta ƙaru, ba shawara."

Baba ya ce, "To." Amma wannan "to" ɗin ba irin waccan ta farko ba ce.

Yaya ya sunkuya zai ɗauki kwalayensa. Baba ya riga shi, ya ɗaga ɗaya, ya murza gefensa tsakanin yatsu biyu, ya lanƙwasa ya ga ƙwarinsa.

"Bar min waɗannan, suna da kauri, za su yi min shimfiɗa a ƙarƙashin faranti. Nawa ka kawo?"

"Mota guda."

"Shigo da su duka. Auta, taya Yayanki, ki jera su can bayan ƙofa. Ni ina da aiki."